Dunƙulen slivka a tuddan Myjava

A ƙasar Sulobakiya akwai ranakun da abincin rana yake zuwa da sukari barbaɗe a kansa, kuma shi ne abincin ɗungurungum, babu nama a gefensa, babu wani abu a bayansa. Magidanci zai dawo daga aiki da tsakar rana, ya fara da miya mai kauri ta wake, sannan a ajiye masa faranti cike da dunƙulen dankali masu 'ya'yan itace a ciki, an kwarara musu narkakken man shanu, ya ci ya ƙoshi ya koma bakin aikinsa. Haka ake yi a gidaje, haka kuma ake yi a ɗakunan cin abinci na makarantu, musamman ranar Juma'a, domin al'adar mabiya Katolika ta ƙaurace wa nama a wannan rana ta daɗe da shiga jinin girkin ƙasar. Saboda haka da wani abokin aikina a Vienna, babban birnin Ostiriya, ya ce mahaifiyarsa za ta yi slivkové gule, wato irin wannan dunƙule mai ɗan itacen slivka a ciki, a ƙarshen mako, yana neman in raka shi, ban tsaya jan rai ba.

Tsakanin Vienna da Bratislava, babban birnin Sulobakiya, kimanin kilomita 60 ne kawai, tafiyar sa'a ɗaya a jirgin ƙasa. Daga Bratislava muka kama jirgin da ke bin kwarin kogin Váh, mafi tsawo a ƙasar, har zuwa Nové Mesto nad Váhom, inda muka sauya zuwa wani ƙaramin jirgi mai ratsa Čachtice da Stará Turá ya hau tuddan Myjava, kusa da iyakar Jamhuriyar Cek. Tsakiyar Satumba ce. Abin da ya fara ɗaukar hankalina ta taga shi ne yadda gidajen suke a warwatse, biyu a wannan gangare, biyar a wancan, kowane rukuni da gonarsa da itatuwansa. Irin wannan zama suke kira kopanice, kuma ya samo asali ne tun daga ƙarni na 16 zuwa gaba, lokacin da mutane suka riƙa sare daji suna kafa gona a kan tudu, wasunsu gudun yaƙin Daular Usmaniyya ne ya koro su daga kudu. Ƙasar wurin ba ta da albarkar alkama irin ta filayen da ke kusa da kogin Danube, amma tana karɓar itacen slivka hannu bibbiyu, kuma da dankalin Turawa ya yaɗu a ƙarshen ƙarni na 18 zuwa na 19, shi ma ya samu wurin zama. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu a ransa ya fahimci rabin girkin tun kafin ya shiga madafa: fulawa ce mai tsada, dankali da slivka kuwa suna bayan ɗaki.

Slivka ita ce abin da manyan kantuna ke sayarwa da sunan plum, sai dai ta nan ƙarama ce, doguwa kaɗan, ɓawonta shuɗi mai duhu da wata farar ƙura a kansa wadda take gogewa idan an shafa, cikinta rawaya-rawaya, da ƙwallo ɗaya a tsakiya.

Mun iso da la'asar, kuma tun a daren aka fara aikin abincin gobe. Mahaifiyar abokina, wadda aka ce in kira ta Teta kamar yadda ake kiran kowace dattijuwa da ake girmamawa, ta sauka ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa ta ɗebo dankali, ta wanke, ta dafa shi da ɓawonsa, ta tace ruwan, sannan ta baza shi a faifan katako ta kai ɗaki mai sanyi ya kwana. Ta bakin ɗanta na ji dalili. Dankalin da aka dafa da ɓawo ba ya shan ruwa sosai, wanda ya kwana kuma tururinsa ya gama fita, ya bushe, don haka ba ya neman fulawa da yawa kafin ya haɗu. Idan aka kwaɓa shi da ɗumi sai ya riƙa cin fulawa ba ƙoshi, a ƙarshe dunƙulen ya fito da tauri, haƙori yana ja yana dawowa. Ta ƙara da cewa lokacin slivka da lokacin sabon dankali suna haɗuwa, alhali sabon dankali ya fi tsoho ruwa, shi ya sa ba ta yarda a yi gaggawa ko da baƙo na jira. A kantunansu ma ana rubuta A ko B ko C a jikin buhun dankali gwargwadon yadda yake dahuwa, kuma mai gari-gari, wato C ko B mai karkata zuwa C, shi ake so a wannan aiki.

A daren nan ne na yi tambayar da ta wajaba a kaina. Girkin Sulobakiya ya jingina ƙwarai da naman alade da kitsensa, har abincin da suka fi alfahari da shi, bryndzové halušky, wato ƙananan dunƙulen dankali da cukun tumaki, da soyayyen kitsen alade ake yi masa ado, kuma a wasu gidaje da wannan kitse ake soya garin burodin da ake birgima dunƙulen a ciki. Teta ta ce ita da man shanu take yi tun asali, miyar kuma za ta dafa ba tare da ƙyafaffen naman da ta saba jefawa ba. Maigidan ya fito da kwalbar slivovica, barasar da suke tacewa daga slivka, wadda ita ce maraba da baƙo a wannan yanki. Ɗansa ya yi masa bayani a taƙaice, ya mayar da ita, ya kawo ruwan tufa da suka matse da kansu, kuma maganar ba ta sake tasowa ba.

Da safe muka fita tsinko. Maigidan ya nuna mini tsofaffin itatuwa biyu na irin bystrická, wanda mutanen wurin suke ɗauka shi ne slivka ta gaskiya, domin yana nuna a makare, zaƙinsa yana da ƙarfi, namansa ba ruwa-ruwa ba ne, ƙwallonsa kuma yana fita tsaf ba ya maƙale. Ya juya mini ganye ɗaya in ga wasu zobba-zobba masu haske a jikinsa. Cutar šarka ke nan, ƙwayar cuta ce da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye suke yaɗawa, an fara lura da ita a Bulgeriya wajajen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba ta da magani, kuma bystrická na cikin irin da ta fi yi wa illa: 'ya'yan suna yin tabo, su zubo kafin su nuna. Wannan ya sa manoma da yawa suka koma ga sababbin iri masu juriya, har da waɗanda aka samar a Čačak ta ƙasar Sabiya. Shi ma ya dasa su, suna ba da yabanya mai kyau, amma Teta ba ta sa su a gule, wai sun yi girma kuma ruwansu yana jiƙa kwaɓi daga ciki. Muka bi tsofaffin itatuwan nan biyu muna zaɓen lafiyayyu, ƙanana, masu ɗan tauri a hannu.

A madafa, kafin ta taɓa dankalin, sai da ta gama komai. Ta wanke slivka ta tsane su da tsumma ɗaya bayan ɗaya, domin kwaɓi ba ya kama jiƙaƙƙen ɓawo. Ta tsaga kowace ta gefe guda ba tare da ta raba ta biyu ba, ta zare ƙwallon, ta cusa ƙwayar sukari a gurbinsa da ɗan garin kirfa, ta rufe. Akwai gidajen da suke barin ƙwallon a ciki, suna cewa ya fi riƙe ruwan ɗan itacen, kuma da shi ake ƙirga wanda kowa ya ci, amma ita ta ce ba za ta kai jikokinta wurin likitan haƙori a kan al'ada ba. Ta ɗora babbar tukunya da ruwa da gishiri, sai da ta ga ya kusa tafasa sannan ta ɓare dankalin ta goge shi a magogi mai ƙananan ido.

Dalilin wannan tsari shi ne kwaɓin dankali ba ya jira. Da zarar gishiri ya shiga, dankalin yana fara sakin ruwa, kwaɓin da ya yi daidai yanzu zai saki jiki ya yi danƙo nan da rabin sa'a, kuma idan aka ce za a gyara da ƙarin fulawa an koma gidan jiya. Ba ta auna komai da sikeli. Ta baza gogaggen dankalin a katako, ta danne shi ya yi faɗi, ta raba shi huɗu da gefen hannu, ta ɗauke kashi ɗaya, ta cika gurbinsa da fulawa, ta mayar da abin da ta ɗauke a sama, ta fasa ƙwai ɗaya, ta barbaɗa gishiri. Ga mai son lissafi, abin ya kama wajen giram 250 zuwa 300 na fulawa a kilo ɗaya na dankali. Fulawar ma ba kowace ba. A Sulobakiya da Cek ana sayar da fulawa ne bisa laushin niƙa: hladká mai laushi ta kek, polohrubá matsakaiciya, da hrubá mai tsaki-tsaki, kuma wannan ta ƙarshen ta ɗauko, saboda tana shan ruwa a hankali kuma ba ta sa kwaɓi ya yi yauƙi. Ta haɗa shi da tafin hannu cikin abin da bai kai minti biyu ba, tana naɗewa tana dannawa, ba ta murza shi irin murzar burodi ba, sannan ta mulmula shi ya yi tsawo ta yanka gunduwa-gunduwa.

Nan ne aka ba ni nawa katakon. Ana ɗaukar gunduwa ɗaya, a fyaɗa ta a tafin hannun da aka shafa wa fulawa har kaurinta ya zama kamar rabin santimita, a ɗora slivka a tsakiya da tsagin yana kallon sama, a tattaro gefuna a haɗe su, a tsuke bakin da yatsu, sannan a mulmula tsakanin tafuka biyu har sai an nemi wurin haɗin an rasa. Teta tana ɗaukar kowane dunƙule da muka gama, nawa da na ɗanta, ta juya shi a gaban taga tana neman tsaga, domin ƙofa komai ƙanƙantarta ruwa zai shiga ta nan, sukari ya fita ta nan, a tsamo fanko. Idan ta ga kwaɓi ya taru a gefe ɗaya sai ta tsinke rarar ta mayar kan katako. A wurinta gwaninta ita ce rigar ta yi siriri iyakar yadda za ta iya ɗaukar tafasa ba ta fashe ba, ta yadda mai ci zai iske ɗan itacen tun a cizon farko. Ɗanta ya ce, “Mami, ai nawa sun yi.” Ta latsa ɗaya da babban yatsa, ta miƙa masa ya sake.

Ta fara jefa guda ɗaya tak a tukunya don gwaji, ta tsaya tana kallo ko zai narke. Da ta ga ya riƙe jikinsa, ta zuba kashin farko, ba ta cika tukunyar ba, ta sa muciya ta ɗaga su daga ƙasa sau ɗaya don kada su kama, ta rage wuta ruwan ya koma tafasa a hankali. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan tukunyar ɗan wake ya san abin da ake jira: suna nutsewa, su jima, sannan su taso ɗaya bayan ɗaya. Bambancin shi ne tasowar ba ita ce dahuwa ba, ana ƙara musu kamar minti biyar domin zafi ya ratsa zuwa ɗan itacen ya narkar da sukarin. Ta tsame su da matsami, ta zuba a kwano mai man shanu, ta girgiza don kada su manne da juna.

Abin barbaɗawa iri biyu ta shirya. Na farko garin busasshen burodi ne da ta soya a man shanu har ya yi ja, tana juyawa ba ƙaƙƙautawa domin tsakanin ja da ƙonewa ƙiftawar ido ce. Na biyu shi ne mak, 'ya'yan wani fure ne ƙanana ƙwarai, kowace ƙwaya ba ta wuce milimita ɗaya ba, launinsu toka-toka mai shuɗi. Ba a cin su haka nan a wannan girki, sai an niƙa, kuma akwai injin hannu na musamman da ake ɗaurewa a bakin tebur, wanda yake murƙushe ƙwayar har mai ya fito. Aikin maigidan ke nan, ni kuma na karɓe shi da hannunsa ya gaji. Abin da ke fitowa baƙi ne, mai ɗan damshi, ana gauraya shi da niƙaƙƙen sukari. Ba sa niƙa na ajiya, saboda man da ke ciki yana saurin yin ɗaci, kuma wannan ne ƙorafin Teta a kan niƙaƙƙen da ake sayarwa a leda. Maƙwabciyarsu Jamhuriyar Cek tana cikin ƙasashen da suka fi noma mak na ci a duniya, amma nata daga wata 'yar'uwarta ta samo.

Da sha biyu ta yi aka zauna, aka ce “Dobrú chuť”, wato a ci lafiya, aka fara da miyar wake. Sannan gule suka zo. Ana raba dunƙulen biyu da cokali mai yatsu, kuma a nan ne na ga abin da ban zata ba: ɗan itacen da ya shiga da ciki rawaya ya fito ja wur, domin launin ɓawon ya narke ya rina komai, ruwan kuma yana gangarowa ya haɗu da man shanu a faranti. Dahuwa tana fito da tsamin slivka fiye da yadda take a ɗanye, don haka ƙwayar sukarin nan ba ta yi yawa ba ko kaɗan, ita kuwa rigar dankalin da gishiri-gishirinta ita ke hana abin ya gundura. A ganina mai garin burodi ya fi sauƙin shiga ga baƙo, amma mai mak ya fi zurfin ɗanɗano, da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe wanda yake sa a ƙara miƙa hannu. Maigidan yana haɗa duka biyun, matarsa tana kallon hakan a matsayin ɓarna. A wasu gidaje kuma tvaroh ake gogawa a kai, wani farin cuku mai ɗan tsami. Na tambaya ko girkin nasu ne su kaɗai, maigidan ya yi dariya ya ce kowa a yankin yana cewa nasa ne. Mutanen Cek suna da švestkové knedlíky, na Hungari suna da szilvás gombóc, na Ostiriya suna da Zwetschkenknödel, kuma duk waɗannan ƙasashe a ƙarƙashin sarauta ɗaya suke har zuwa 1918, masu dafa abinci suna kai da kawowa tsakaninsu.

Slivka ɗanya 'yan makonni take yi ta wuce, saboda haka sauran shekara da lekvár, wato slivkar da aka dafa ta yi kauri, ake cika dunƙule. Da yamma muka taka zuwa gidan wasu maƙwabta da suke dafa nasu a tsakar gida, cikin wata babbar tukunyar jan ƙarfe a kan murhun itace. Tun asuba suka ɗora, kuma sun ce sai dare ya raba za su sauke. Ba a sa sukari ko kaɗan, slivka ce zalla da aka cire wa ƙwallo, ana tuƙa ta da doguwar muciya ba a tsayawa, ana karɓa-karɓa, har ruwan ya ƙone ta koma baƙa ƙirin, mai kaurin da cokali zai tsaya a ciki. Wannan kauri shi ne amfaninsa, domin yana ajiyuwa har wata kakar, kuma ba ya tsiyayewa idan aka dafa shi cikin kwaɓi. Da shi Teta take yin pirohy, waɗanda a nan ake ce wa perky, wato kwaɓin da ake murzawa ya yi faɗi, a ɗiga lekvár, a ninke a yanka. Da shi kuma take cika parené buchty, masu yis, waɗanda ba a jefa su a ruwa: ana ɗaure tsumma mai tsabta a bakin tukunya, a jera su a kai, a kife kwano, tururi ya dafa su, sannan a huda kowanne da cokali mai yatsu da zarar an buɗe don kada ya sace. Washegari da safe kuwa ragowar gule ɗinmu aka yayyanka aka soya a man shanu, gefunan suka yi ƙamas-ƙamas, kuma ban ga wanda ya raina su ba.

A hanyar komawa na sake cin gule a wani gidan abinci a Bratislava don in gwada. Daga gani na daskararru ne da ake sayarwa a kanti, girmansu ɗaya kamar an buga a inji, rigar ta yi kauri ninki biyu, ɗan itacen ciki ya zama kamar abin da aka tuna da shi daga baya. Sun ƙosar, kuma ba su da tsada, amma fulawa ce ta rinjayi dankali a cikinsu, abin da Teta ta kwana tana gudu.

Akwai abu ɗaya da ya kamata matafiyi daga wajenmu ya sani. Da za mu tafi Teta ta ƙulla mini mak a leda, ɗanta ya tambaye ni ta ina zan bi idan zan je gida, na ce ta Dubai, nan take ya cire ledar daga jakata. Furen da ke ba da mak shi ne wanda ake samun opiyom, abin nan mai sa maye, daga gare shi, kuma duk da cewa 'ya'yan abinci ne na yau da kullum a Turai, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya sun haramta shiga da su, ana iya tsare mutum a filin jirgi a kansu. Teta ta yi mamaki ƙwarai, ta musanya mini da kwalbar lekvár na bara, ta ce mak ɗin zai yi mata amfani a opekance, gutsattsarin burodin da ake jiƙawa da madara a barbaɗa musu mak a daren jajiberin Kirsimeti.